Amsa ga Kawu a kan shago da tanis ɗin marigayi Alhaji

Kawu, Allah ya ja kwana. Na saurari saƙonka, na kuma ji inda ranka ya sosu. Ka ce sanarwar rasuwar Alhaji ta iso muku Tudun Wada, aka karanta a majalisa, sai aka tarar 'ya'yansa sun rubuta cewa ya ƙarar da rayuwarsa a kan iyali da shagonsa da wasan tanis. Ka ce dattijon da ya haura tamanin, an rasa abin faɗa a kansa ne sai buga ƙwallo? Kuma ina amfanin 'ya'ya masu aiki, in tsoho zai riƙa buɗe shago har ƙarshen ransa? Abokin ƙuruciyarka ne, kana da hakkin tambaya, ni kuma na zauna da shi a nan New York, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake.

Salon rubutun dai na mutanen ƙasar nan ne. A gida sanarwa ba ta da tsawo, domin duk wanda zai zo jana'iza ya riga ya san mamacin da gidansu. A nan kuwa maƙwabcinka sai ya tsufa bai san sunanka ba, shi ya sa suke rubuta abin da mutum ya yi da kwanakinsa. Yaran a nan aka haife su, sun bi abin da suka gani. Sallarsa da azuminsa da kyautarsa kuwa mahaifiyarsu ce ta hana a sa, ta ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Mutanenmu na unguwannin Bronx da Harlem haɗin gambiza ne: 'yan Nijeriya, 'yan Nijar, da Hausawan zangunan Gana daga Kumasi da Nima. Yawancinmu da tuƙin tasi ko gadi ko talla muka fara, kuma burin kowa ya tsaya da ƙafarsa. Ba don kuɗi kaɗai ba. Juma'a ranar aiki ce a nan, ranar Sallah ma haka, kuma babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai kamfani ya ba ka hutu da albashi. Wanda ke ƙarƙashin wani, sai ya roƙa kafin ya je masallaci. Mai shagon kansa kuwa ya ja ƙofa ya tafi. Alhaji ya bar tasi da wuri, Allah ya tsare shi da abin da ya faɗa wa na baya: lambar izinin tasi ta birnin nan ta haura dala miliyan ɗaya wajen 2014, mutane suka ci bashi suka saya, da kamfanin motocin haya na Uber ya shigo farashin ya rushe, bashin ya zauna musu a wuya.

A shagonsa ake samun daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da gero da zoɓo da goro. Kilishi ma akwai, amma na nan ne, don kwastan ba sa barin nama ya shigo. Sai dai ciniki shi ne ƙaramin aikin wurin. Baƙon da ya sauka bai san kowa ba, can ake tura shi. Can ake zubin adashi. Can littafin kuɗin jana'iza yake, domin kabari a nan saye ake yi da tsada, kuma galibi sai an ƙetara da gawa jihar New Jersey. Duk wanda aka rufe cikin mutunci daga jama'armu, da hannun Alhaji a ciki.

'Ya'yansa sun roƙe shi ya huta, ni shaida ne. Ba talauci ya hana shi ba. Mai sana'ar kansa a nan yana biyan kashi 15.3 cikin ɗari na ribarsa don fansho da inshorar lafiyar tsufa, Alhaji kuma bai taɓa wasa da wannan ba, har faɗa yake yi wa matasanmu masu ɓoye ciniki. Fanshonsa na zuwa, asibiti kuma gwamnati ke ɗaukar mafi yawa tun ya cika 65. Abin da ya guda shi ne zaman ɗaki. Kawu, kai in ka fito zaure wani zai gaishe ka kafin ka kai masallaci, ga ɗaurin aure, ga suna, ga jikoki a tsakar gida. Ba ka biya ko sisi ba, haka ka tarar da Zariya. Tsohon da ya ajiye aiki a nan, yana hawa na biyar, 'ya'ya na wurin aiki, jikoki na makaranta, a watan Disamba rana ta faɗi tun huɗu da rabi, ga sanyin da ba ya barin a leƙa waje. Na ga dattawa masu ƙarfi da wannan zaman ya karya cikin ɗan lokaci, ciwon suga da hawan jini suka ƙarasa su.

To a nan tanis ya shigo. Ka fi ni sanin cewa a Zariya ya koya, yana yaro yana tsince wa Turawa ƙwallo a kulob ɗinsu. A gida filayen suna bayan katangar kulob ko cikin jami'a a Samaru, shi ya sa ake ganin wasan manya ne. A nan na gwamnatin birni ne. Gandun shaƙatawa na Crotona da ke Bronx kaɗai yana da filaye ashirin, kuma wanda ya kai shekara 62 kuɗi kaɗan zai biya, ya yi wasa daga Afrilu har Nuwamba.

Filin nan shi ne majalisarmu. Ranar Asabar bayan asuba dattawa ke haɗuwa, a buga bibbiyu don kada gudu ya yi yawa, in an gaji a zauna a benci a buɗe filas ɗin shayi. A kan bencin nan na ga an sasanta auren da ya kusa mutuwa, an samar wa yaro aiki, an yanke wanda zai je gaida mara lafiya. Na san kuma za ka yi tunanin gajeren wando: Alhaji bai taɓa sa shi ba, dogon wando yake sawa, in lokacin salla ya yi kuma ya shimfiɗa darduma a gefen raga. Likitocin nan ma suna ƙarfafa wasan. Wani bincike da aka yi a Denmak aka buga a 2018 ya gano masu tanis sun fi marasa motsa jiki tsawon rai da kusan shekara goma, masu binciken kuma suka ce wataƙila cuɗanya da mutane na cikin dalilan. Kwana na Allah ne, amma lafiyar da mutum zai ci kwanakinsa da ita akwai sababi.

Da wasan kuma ya riƙe yaransa. A ƙasar da titi ke janye yaro tun yana ɗan sha uku, shi nasa suna gabansa a fili, maza da mata. Da jikoki suka zo, yakan kai su unguwar Queens lokacin babbar gasar tanis ta Amurka, ya nuna musu filin da aka sa wa sunan shahararren ɗan wasan tanis Arthur Ashe, ya ba su labarin yadda wannan baƙar fata yana tsakiyar wasa a Legas a Fabrairun 1976 sojoji suka shigo suka tsayar, kwanaki kaɗan bayan kisan Janar Murtala. Ya faɗa musu akwai gasar Dala a Kano, kuma Sadiq Abdullahi ya buga wa Nijeriya a Olamfik na 1988. So yake su san ƙasarsu ba baƙuwa ba ce a abin da suke ƙauna. Ranar Lahadi kuwa tuwo ne a gidansa, kuma ba a Turanci a kan tabarmar cin abinci. Da jinya ta zo, yaran nan sun ƙi kai shi gidan tsofaffi kamar yadda aka saba a nan, suka riƙa kwana da shi bi da bi, har wadda ke Texas.

Shagon yanzu wani yaro ɗan Maraɗi da ya daɗe yana yi masa aiki zai saya, yana biya kaɗan-kaɗan, bisa sharaɗin littafin jana'iza ya zauna a wurin. Babban ɗansa kuma zai zo Zariya bayan Sallah don gaida dangi. Hausarsa tana da rauni, Kawu, a yi haƙuri da shi, a kai shi gidajen 'yan uwa a cikin birni ɗaya bayan ɗaya. Zai taho da raket da ƙwallaye masu yawa, wasiyyar mahaifinsa ce a raba wa yara masu son koyo. Don Allah ka nemo mana mutum mai amana a Samaru ko Sabon Gari wanda ke koyar da yara, kafin ya iso. A gaida Goggo da mutanen gida.