Hukuncin ƙwayar da likita yake ragewa a hankali ga mai barin shaye-shaye

Tambaya: Malam, na daɗe ina shan rochi da kodin, yanzu Allah Ya shirye ni, ina karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa. Likita ya ɗora ni a kan ƙwayar kwantar da hankali mai suna diazepam, yana rage mini kaɗan-kaɗan. Wani malami a unguwarmu ya ce ci gaba da shaye-shaye ne, in zubar da shi in koma ga ruƙiya. Kuma idan ya ƙare kafin ranar komawa asibiti, nakan sayi ƙari a kyamis. Mene ne hukunci?

Amsa: Allah Ya tabbatar da kai a kan tubarka, ɗana. Haramcin duk abin da ke gusar da hankali babu saɓani a kansa, kuma ka riga ka san shi.

Abin da likita ya rubuta maka halal ne, matuƙar shi ne yake ƙayyade adadin kuma adadin yana raguwa. Wanda kake ƙarowa daga kyamis kuwa haramun ne, ko da iri ɗaya ne da na asibiti, domin ba lalura ce ta ƙayyade shi ba, kwaɗayin jiki ne. Kuma ƙarewar maganin kafin ranarsa tana nuna kana wuce ƙa'idar da aka ba ka. Ka faɗa wa likitanka wannan ba tare da ɓoye komai ba, sannan ka damƙa maganin a hannun mahaifinka ko yayanka, ya riƙa ba ka na kowace rana.

Maganar malamin unguwarku kuwa, niyyarsa kyakkyawa ce, amma fatawarsa kuskure ce mai iya halaka mutum. Hujjarsa ita ce hadisin da Annabi (SAW) ya ce giya cuta ce ba magani ba, da maganar Ibn Mas'ud cewa Allah bai sanya warakarku a cikin abin da Ya haramta muku ba. Waɗannan sun zo ne a kan giya, kuma malaman Malikiyya, irin su Al-Ƙarafi, sun bambanta ta da sandararrun abubuwa kamar banju (wani tsiro mai gusar da hankali), waɗanda haramcinsu ya rataya ga gwargwadon da ke taɓa hankali. Da an ɗauki maganar yadda ya ɗauke ta, da allurar barci ta ɗakin tiyata ma ta haramta. Sannan an tambayi Ibn Hajar Al-Haitami game da wanda afyun (opium, wani abu mai sa maye) ya kama har in ya bari zai halaka, sai ya ce ya halatta gare shi domin tsare rai, amma wajibi ne ya riƙa ragewa sannu a hankali har jikinsa ya rabu da shi, in ya ƙi ragewa yana da zunubi. Wannan shi ne ainihin abin da likitanka yake yi. Irin waɗannan ƙwayoyi, idan wanda jikinsa ya saba ya yanke su dare ɗaya, suna iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Ruƙiya alheri ce, ka yi ta tare da magani, babu karo a tsakaninsu.

Ina jan kunnen iyayenka kada su kai ka gidan mari. Abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutane ɗaure da sarƙa, zalunci ne da shari'a ba ta yarda da shi ba.

Idan kuma ƙafa ta zame ka koma, kada kunya ta hana ka komawa asibiti da masallaci. An sha kawo wani sahabi gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, amma Annabi ya hana a tsine masa, ya shaida yana son Allah da ManzonSa. Ka sani kuma jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da ya saba ɗauka a da, kuma haɗa kodin da irin wannan ƙwaya yana iya tsayar da numfashi. Ka goge lambar dillalin daga wayarka, ka kuma canza majalisar da kake zama. Wallahu a'alam.