Amsar tambayar takalmin hawan Chappal Waddi (muryar da aka tura a guruf)

Assalamu alaikum jama'a. To, ƙanena, na ji tambayarka tun jiya, wai wane kamfanin takalmi ya fi kyau, kuma nawa za ka ware, tunda kuna shirin hawan Chappal Waddi bayan damina. Na ga har an fara turo maka hotuna, wannan ya ce Salomon, wancan ya ce Merrell. Duk kamfanoni ne masu kyau, ban musa ba. Amma ni abin da na fahimta kake tambaya shi ne yadda za ka hau ka sauko ƙafarka lafiya, kuma wannan sunan kamfani ba ya ba ka shi. Takalmin da ya zauna daidai da ƙafarka shi ne naka, ko wa ya yi shi.

Ka san dutsen nan ba Dala ba ne da za ka hau ka sauko kafin shayi ya huce. Mita 2,419 ne, babu wanda ya kai shi tsayi a Nijeriya, yana can Taraba a dajin Gashaka-Gumti, kan iyakar Kamaru. Tafiyar kwanaki ce da kaya a baya, ga ciyawa, ga duwatsu, ga rafuka. Kuma abin da mutane ba sa ganewa, hawa ba shi ke cin ƙafa ba, gangara ce. In kana saukowa, ƙafa zamewa take yi gaba a cikin takalmi, yatsu su dinga dukan hanci, kowane taku sai sun daka. Daga nan farce ya tara jini, ya yi baƙi, bayan wasu makonni ya cire. Saboda haka abu na farko, ka bar fili a gaba, kamar faɗin babban yatsan hannunka tsakanin yatsan ƙafarka mafi tsawo da hancin takalmin.

Yadda za ka gane, mai sauƙi ne. Zaro shimfiɗar nan ta ciki, ka ajiye a ƙasa, ka tsaya a kanta. Nan take za ka ga filin da ya rage a gaba, ka kuma ga ko gefen ƙafarka ya zubo waje. Wannan na gefen ka kula da shi sosai, domin mu da muka tashi da silifas yawanci ƙafarmu a baje take, takalman Turawa kuwa da yawansu sirara ne a gaba. Tsawo zai yi maka daidai, faɗi ya matse ka. Ko kuma ka sa takalmin ba tare da ka ɗaure ba, ka tura ƙafar gaba har ta taɓa hanci, ka zura yatsa ɗaya a bayan dunduniya. In ya shiga, madalla.

Kuma don Allah kar ka je saye da safe. Ka je da yamma, bayan la'asar, ka riga ka yi yawo ƙafa ta ɗan kumbura, domin haka za ta kasance a kan dutse, har ma fiye. Ka tafi da safar da za ka yi tafiyar da ita, mai kauri. Ka gwada ƙafa biyun, kusan kowa ɗaya ta fi ɗaya girma, sai ka bi babbar. Maganar wai ni 43 nake sawa, ka ajiye ta a gida. Lambar Turai daban, ta Ingila daban, ta Amurka daban, ko a lamba ɗaya ma kamfani da kamfani ba sa zuwa daidai.

To amma fa kar ka ji na ce fili ka je ka ɗauko ƙato. A'a. Gaba ne ke son fili, dunduniya kuwa a kame ake son ta. In ka ɗaure igiya ka taka, ka ji dunduniya tana ɗagawa tana sauka, bororo ne ke jiranka tun ranar farko. Ka nemi matakala a kasuwar ka hau ka sauko, kar ka ji kunyar mai shago, kuɗinka ne.

Yanzu maganar gwanjo, tunda na san can za ka nufa, sabo ya yi tsada. Ana samun na kirki a gwanjo, ni ma shi nake sawa. Amma akwai abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Wani mai gwanjo, ba zan faɗi kasuwar ba, ya sayar min da but na fata, wallahi kamar ba a taɓa sa shi ba, ƙasansa ko lashewa bai yi ba, ga tambarin Vibram ɗin nan ruwan ɗorawa, na kamfanin da ke yin robar ƙasan takalmi. Ya rantse min daga dila ya fito a ranar. Muna tsakiyar daji, nesa da mota, sai na ji ƙafa tana lumewa. Ina dubawa, soson da ke tsakanin fatar da robar ƙasa ya zama gari, yana zuba kamar busasshen burodi, ƙasan ya ɓalle yana reto. Da igiya na ɗaure shi na ƙarasa. Na mayar masa, sai ce min ya yi ai ni na yi masa aikin ƙarfi. Takalmin hawan dutse fa! Aikin me aka yi shi ya yi? Shumeka ya duba ya ce ba inda gam zai kama, ba inda zare zai riƙe. Abin da ke faruwa, irin wannan soson, in takalmi ya yi shekaru a ajiye, danshin iska ne ke cinye shi a hankali, daga waje ba ka ganin komai. Shi ya sa wanda ya yi kyau ƙwarai a gwanjo shi ne ma abin tsoro, wataƙila ajiyar shekaru ce. Kuma masu sayarwa sun sani, wallahi sun sani, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ko naira bai mayar min ba. To, a bar wannan. Kai dai ka danna soson da farce, ka lanƙwasa takalmin da ƙarfi, in ka ga tsaga ko gari ko yana danƙo, ajiye musu kayansu.

Wani ya ce ka sa but ɗin bautar ƙasa, wani ya ce na ma'aikata mai ƙarfe a hanci. Mai ƙarfen nan kar ka soma, nauyi gare shi, kuma a gangara ƙarfen yatsunka zai ci. Na bautar ƙasa kuma... to, ka dai san yadda ake raba shi, wa ya taɓa samun lambarsa?

Sai Gore-Tex, wani yadi ne da ake sawa a cikin takalmi mai hana ruwa shiga. Yana da amfani a raɓar safiya da sanyin sama. Amma a zafin ƙasa ƙafa tana gumi a ciki, kuma in ruwan rafi ya shiga ta sama, ya daɗe bai bushe ba. Ni dai ba zan ƙara kuɗi mai yawa saboda shi ba a tafiyar rani. Gara ka riƙe sandal na roba a jaka don tsallaka ruwa. Takalmin da ya rufe idon sawu kuwa, eh, shi nake ba ka shawara saboda kayan da za ka goya, ko da yake, bari in gyara, ba ya hana targaɗe ɗari bisa ɗari, taimako dai yake yi, ya kuma hana tsakuwa shiga.

Safa kar ta zama ta auduga, tana riƙe gumi, jiƙaƙƙiyar fata kuma ita ke saurin salewa. Ka nemi ta ulu, a gwanjon ma akwai. Ka yanke farce kafin tafiya, ka sa filasta a jaka, da ka ji wuri ya fara zafi ka tsaya ka liƙa, kar ka jira ya tashi.

Kuma ka saya yanzu, ba ana saura kwana biyu ba. Ka yi makonni kana sa shi, kasuwa, wurin aiki, ka goya jaka ka hau Dala ko Goron Dutse da shi ka sauko. In akwai inda yake cizo, a nan za ka sani tun kana da damar canzawa. In za ka shiga kasuwar ranar Asabar ka kira ni bayan la'asar mu je tare, ka zo da safar.