Na'urar haƙar Bitcoin da wutar da take sha: amsa ga Auwalu

Auwalu, abu biyu ka haɗa a tambayarka. Ka ce wani Alhaji ya sayo Antminer S21, na'urar haƙar Bitcoin, kuɗin nan na intanet, yana so mu haɗa masa solar da za ta riƙe ta dare da rana. Sannan kana son sanin ko akwai dabarar da za a yi mata ta rage shan wuta, tunda ka ji ana cewa harkar tana ɓata muhalli. To, ajiye filaya tukuna, ɗauko biro.

Wat 3,500 aka rubuta a jikinta, kuma ba ta da hutu, ba sallah ba salati. Awa 24 sau kilowat uku da rabi, yunit 84 ke nan a kowace rana. Gida mai firji da fankoki da talabijin ba ya shan haka a mako guda. Idan Alhaji yana kan layin Band A, inda yunit ya haura naira 200 tun daga Afrilun 2024, zai riƙa zuba kusan naira 17,000 kullum, sama da rabin miliyan a wata. Manyan kamfanonin da ke wannan sana'a a waje suna farautar wutar da ba ta wuce senti 5 na dala a kan yunit ba, tamu ta ninka haka fiye da sau biyu. In kuma ya ce janareta zai kunna, ya tanadi lita 25 zuwa 30 na man gas a rana, kowace lita tana sakin hayaƙin kabon wajen kilo biyu da rabi. Wannan kam ko kyauta aka ce in haɗa ba zan yi ba.

Sola fa? A nan Arewa ranar da ake mora sosai awa biyar ce zuwa shida. Kafin ka tara yunit 84 a wannan ɗan lokaci, in ka sa asarar inbata da zafi da ƙura a lissafi, kana bukatar wajen kilowat 20 na fanel, wato manyan nan masu wat 550 guda 35 ko fiye. Daga la'asar sakaliya har hantsi kuwa batir ne zai ɗauki nauyin, kusan yunit 56, batirin litiyom mai yunit biyar guda goma sha biyu ke nan, ba a ma yi maganar ranar da hadari ko hazo ya rufe sama ba. Duk wannan domin akwati guda da bai kai girman jarkar mai ba.

Ka san dalilin da ya sa take sha haka, don kada a yi maka tambaya ka tsaya kame-kame. Aikinta cinke ne kawai. Kamar a ce an rataye kwaɗo guda, dubban mutane kowa da buhun makullai yana gwadawa, wanda nasa ya buɗe shi ke da ladan. S21 tana gwada makulli tiriliyan 200 a daƙiƙa ɗaya. A duk wajen minti goma mutum ɗaya ke dacewa a duniya baki ɗaya, kuma tun Afrilun 2024 ladan ya koma Bitcoin 3.125, rabin abin da ake bayarwa a da. Ga inda gizo ke saƙa: bayan kowane buɗi 2,016, wato kusan mako biyu, tsarin da kansa yake duba saurin masu gwaji, in sun ƙaru sai ya ƙara wa kwaɗon tauri, don dai minti goman nan kada ya ragu.

Shi ya sa nake murmushi in na ji ana cewa sababbin na'urori za su warware matsalar. Gaskiya ne sun fi tsofaffi tattali nesa ba kusa ba. S9 ta 2016 tana cin wajen jul 100 (jul ƙaramin ma'aunin wutar da aka sha ne) a kan kowane gwaji tiriliyan ɗaya, S19 Pro ta 2020 ta sauko 29.5, ta Alhaji kuma 17.5. Amma duk lokacin da na'ura ta yi sauƙin ci sai a ƙaro wasu dubbai, kwaɗo ya ƙara tauri, jimillar wutar ta sake hawa. Masana a Jami'ar Cambridge sun ƙiyasta a 2025 cewa Bitcoin na shan terawat-awa 138 a shekara, wato yunit biliyan 138. In ka raba shi da awannin shekara, ya haura megawat 15,000 ba yankewa, alhali layin wutar Najeriya gaba ɗaya yawanci tsakanin megawat 4,000 da 5,000 yake yawo. Na'ura mai tattali tana taimakon aljihun mai ita, wannan ba musu. Abin da ke taimakon muhalli kuwa shi ne daga ina wutar ta fito, kuma wa aka hana kafin a ba ta.

Duk da haka akwai abin da ke hannunmu mu ma'aikata, kuma ba kaɗan ba ne.

Na farko, kada ka bari a ruɗi mutum da tsohuwar na'ura don araha. S9 da ake jibgo mana kwance, wuta kawai take ƙonawa. Adadin jul ɗin nan shi za ka duba kafin farashi. Sannan ana iya sassauta wa na'ura gudu. Akwai manhajoji irin su Braiins OS da ke rage ƙarfin wutar da ke shiga ƙwayoyin lissafin. Gudun zai ragu, amma shan wutar ya fi shi raguwa, zafi ya sauka, na'urar ta ƙara kwana.

Zafi shi ne babban abokin gabarka. Duk wat ɗin da ya shiga na'urar nan zafi yake zama ya fito, ba ko ɗaya da ke maƙalewa. Abin da mutane ke fara cewa shi ne a sa mata esi. Kada ka yarda. Esin da zai kwashe zafin wat 3,500 shi kansa zai ƙara wajen kashi ɗaya cikin uku a kan kuɗin wutar. Iska take so mai wucewa. Ka raba ɗakin gida biyu da allo, bakin na'urar yana shaƙa daga ɓangaren inuwa, bayanta yana huro zafin waje ta bututu, da fanka mai zuƙa a ƙarshensa. In iskar da ta fitar ta zagayo ta sake shiga, fankokinta za su yi ta ihu suna ƙara shan wuta har ta kashe kanta. Ka kuma tuna a watan Afrilu iskar waje ma takan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kusan iyakar abin da irin waɗannan na'urori ke jurewa ke nan. Da hunturu kuma ƙura ce, sai ka sa matata a mashigar iska, kana wankewa, kana bi da bulowa a kai a kai. Masu hali suna nutsar da na'urar cikin wani mai na musamman da ba ya ɗaukar lantarki, su cire fankokin gaba ɗaya, ƙura da ƙara duk su huta. Ƙarar ma ba wasa ba ce, wajen desibel 75, in a cikin unguwa ne maƙwabta ba za su runtsa ba, kuma haƙƙinsu na kanmu mu da muka haɗa.

Waya kuma kada ka yi mata rowa. Amfiya 16 ne ke bi ba tsayawa. Layinta daban tun daga allon rabon wuta, waya mai kauri 4mm, bireka nata ita kaɗai. Soket ɗin bango mai amfiya 13 narkewa zai yi. Wanda kuma ya raɗa maka a zagaye masa mita, ka ce Oga ya hana. Sata ce, kuma taransifomar unguwa ce za ta biya.

Yanzu maganar asalin wutar. Kafin 2021 mafi yawan haƙar a Sin ake yi, da damina masu na'urori su koma lardin Sichuan su sha rarar wutar madatsun ruwa, da rani su gangara yankunan kwal. Da gwamnatin ƙasar ta haramta harkar a 2021, da yawa suka kwarara Kazakistan, inda kwal ne ke ba da wuta, har aka fara fama da ƙarancinta. A jihar New York ta Amurka, tsohuwar tashar kwal ta Greenidge aka mayar mai aiki da iskar gas ana haƙa da ita, abin da ya tayar da ƙura har jihar ta dakatar da ba da sabon izini ga irin wannan na shekara biyu a Nuwamban 2022.

Akwai kuma inda aka yi abin da hankali. A gandun dajin Virunga na Kongo tun 2020 suke haƙa da rarar wutar tashoshinsu na ruwa, kuɗin na shiga aikin gandun. A Zambiya kamfanin Gridless ya kafa na'urori a ƙaramar tashar ruwa ta Zengamina, suna sayen wutar da garin bai shanye ba, in bukatar mutane ta tashi a rage wa na'urorin. A jihar Dakota ta Arewa a Amurka an yi ta kai janareta bakin rijiyoyin mai ana amfani da iskar gas ɗin da a da ƙonawa ake yi a banza, irin wadda har yau ke ci bal-bal a yankin Neja Delta. A Texas ma biyan masu haƙa ake yi su kashe na'urori lokacin tsananin zafi, kamfanin Riot ya samu dala miliyan 31.7 ta wannan hanya a Agustan 2023 kaɗai. Habasha, wadda ita ma ta sayar wa masu haƙa wuta, ita ce nake ɗari-ɗari da ita. Wutar ruwa ce mai tsafta daga babbar madatsarsu, amma kusan rabin jama'ar ƙasar ba su da lantarki a gida. In layin bai isa ƙauyukan ba tukuna, a sayar da rarar a ja layi da kuɗin, na yarda. In ba haka ake yi ba, tsaftar wutar ba ta wanke komai ba a wurina.

Wanda ya yi maganin abin daga tushe Ethereum ne, wani kuɗin intanet irin Bitcoin. A ranar 15 ga Satumba 2022 ya daina gasar cinke, ya koma tsarin da masu tabbatar da ciniki ke ajiye kuɗinsu a matsayin jingina, shan wutarsa ya faɗi da sama da kashi 99 cikin ɗari. Masu Bitcoin sun ƙi bin wannan hanya, a ganinsu tsadar wutar ita ce katangar tsaronsa. Danne-dannen waya da ku samari kuka yi ta yi a 2024 kuwa bai shiga wannan lissafi ba, ba abin da wayar ke haƙowa, caji da data kawai take ci.

Kada ka manta da gawar na'urar. Lissafi iri ɗaya tak ta iya, ranar da ta daina biyan kuɗin wutarta ba ta zama kwamfuta ba ta zama komai. Saboda haka ka koyi gyaran allunanta da sauya fanka da akwatin wutarta, don ta daɗe. In ta mutu murus, ka ware alminiyon da tagulla da hannunka kafin ka miƙa wa 'yan gwangwan, kada a je a cinna wa allunan wuta a bayan gari yara na shaƙa.

Ga abin da za ka faɗa wa Alhaji. In yana da sola a masana'anta ko gona da ke yin rara da tsakar rana bayan batir ya cika, za mu haɗa masa na'urar ta tashi da hantsi ta kwanta da la'asar, a sassauta mata gudu, ba sabon batir ko ɗaya. Abin da za ta kawo ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na mai kwana tana aiki ba, amma da wutar da dama zubewa take yi. In kuwa ba shi da rara, ka rubuta masa lissafin yunit 84 ɗin nan a takarda, ya buɗe shafin da ke nuna abin da S21 ke samarwa a ranar, ya kwatanta da idonsa. Gobe ka je da mita ka auno abin da solarsa ke bayarwa daga ƙarfe tara zuwa huɗu, ka duba ɗakin ko yana da taga biyu masu kallon juna.