Ajiye wake har damina ba tare da magani ba

Malam, tambayarka ita ce ko wake zai kai bazara a ajiye ba tare da an zuba masa maganin ƙwari ba. Zai kai, har ya shiga damina. Ka nemi buhun PICS, mai leda 2 a ciki da buhun saƙa a waje. Ka matse iskar, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da suka biyo waken daga gona su za su shanye 'yar iskar da ta rage, sai su mutu. In buhun bai samu ba, jarka mai murfin kirki ta wadatar, amma a cika ta har wuya.

Sharaɗin shi ne waken ya bushe ƙarau. Ni nakan ciji ƙwaya ɗaya, in ta fashe da ƙara na ɗura, in haƙori ya nutse a mayar da shi shanya, don danshi a cikin leda ruɓa yake kawowa. Na cin gida kuma a ware shi daban tun farko, saboda yawan buɗe buhun na mayar da iska ciki.