Shin kifin bas yana cin 'ya'yansa, kuma wane launin koto ya fi kama shi?

TAMBAYA: Malam, ina sha'awar kamun kifi da fatsa, kuma na ga ana sayar da koton roba mai koren baya da farin ciki da baƙin zane a gefe, wanda ya yi kama da ɗan kifin bas mai faffaɗan baki. Shin da gaske ne wannan kifi yana cin jinsinsa, har ya dace in zaɓi wannan launi?

AMSA: Gaskiya ne, Malam, yana ci. Wannan kifi, wanda asalinsa daga koguna da tafkunan gabashi da tsakiyar Arewacin Amurka yake, ba ya tantance dangi idan yunwa ta kama shi, domin duk abin da ya motsa a gabansa kuma bakinsa zai iya haɗiyewa abinci ne a wurinsa, ko kwaɗo ne, ko ƙaramin kifi, ko ɗan da ya haifa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne halin namijin. Idan hunturu ya wuce, ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, shi ne yake share gurbi a wuri marar zurfi, mace ta zuba ƙwai, sannan ya tsaya gadi yana korar duk abin da ya matso har su ƙyanƙyashe. Amma da zarar 'ya'yan sun fara watsewa, wannan kulawa ta ƙare, kuma yana iya juyowa ya haɗiye waɗanda ya gama karewa. Su ma ƙananan ba su bar junansu ba: idan tsawonsu ya kai kamar santimita 5 sukan koma cin kifi, sai waɗanda suka riga ƙyanƙyashewa su afka wa na baya, musamman a ƙaramin tafki inda abinci ya yi ƙaranci.

Saboda haka koton da ka gani yana da hujja, kuma yakan yi aiki sosai a watannin da ƙananan bas suka cika bakin ruwa. Sai dai a ganina ba kamannin ɗan'uwa ne yake jawo shi ba, girman koton da irin motsinsa ne, da kuma ko ya gan shi da kyau.

Idon bas ya fi tsinkayar ja da kore, yana kuma shan wahalar bambanta shuɗi da baƙi, ko fari da ruwan ɗorawa mai sirkin kore. Idan ruwa garau yake, ga rana ta fito, ka ɗauki launin da ya yi kama da abincinsa, wato kore ko ruwan ƙasa ko ruwan azurfa, domin a nan yana samun damar ƙare wa koto kallo kafin ya kai cafka. Idan ruwa ya yi laka, baƙi ko launi mai ƙyalli ya fi fitowa, kuma gara koton da yake girgiza, tunda kifin yana jin motsi ta jijiyar da ta bi gefen jikinsa. Da dare baƙin koto a saman ruwa ne ya fi, saboda daga ƙasa yana hango inuwarsa. Jan launi kuwa shi ne yake fara dusashewa yayin da koto yake nutsewa, don haka ka bar shi ga wurare marasa zurfi.