Su wa suka fi sanin baƙin halittu masu mamaye ƙasa?

Malam, ka tambaye ni masanan da za ka bi kan baƙin tsirrai da dabbobin da ke korar 'yan gida. Fara da Charles Elton na Ingila, wanda littafinsa na 1958 ya aza harsashin fannin. Sai Daniel Simberloff na Jami'ar Tennessee a Amurka.

Ni dai aikin Rick Shine, masanin halittu na Ostareliya, ya fi kama ni. Ya daɗe yana nazarin kwaɗon nan mai dafi da aka kai Ostareliya a 1935 domin ya cinye ƙwarin rake. Ƙwarin ba su tafi ba, kwaɗon kuwa ya bazu, macizai da ƙadangarun da suka haɗiye shi suna mutuwa. Abin akwai ban tausayi wallahi.