Rodin Fiba da Kankaren Toka: Amsa ga Yarona

Ɗana, jiya muna ɗaurin rodin kwalbatin nan na wajen Auyo ka tambaye ni ko rodin fiba da injiniya ya kawo zai ɗauki kaya kamar na ƙarfe, ga shi har simintin ma an rage an cike da tokar buntun shinkafa. Ka kuma ce ko ragowar rodin za ta yi maka lintar ɗaki. Ƙarar injin kwaɓi ta hana ni amsa maka, to ga amsar.

Rodin nan zaren gilashi ne aka tattara aka daskarar cikin gam. Shi ya sa ka ji guda huɗu a kafaɗarka kamar ɗaya na ƙarfe. Abin da ya kawo shi nan kuwa ruwa ne. Fadamar Haɗeja ka san halinta, damina na sauka kwalbati ya kwana ya wuni a jiƙe. Ni da hannuna na fasa tsohon kwalbatin da ke wurin: rodin ya kumbura da tsatsa, ya tsaga kankaren daga ciki, kana taɓa shi yana marmashewa a tafin hannu. Fiba ba ruwansa da tsatsa.

Amma ka buɗe kunne a nan, don nan ne rai yake. In dai ja ne, fiba ya fi ƙarfe juriya kafin ya tsinke. Sai dai taurinsa kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na ƙarfe, wato yana miƙewa. Ka sa shi a bim, wato dogon kankaren da ake gittawa ya ɗauki nauyin gini, adadin da ka saba sa ƙarfe, bim ɗin zai yi ciki, tsagarsa ta buɗe baki. Kuma ƙarfe in kaya ya fi ƙarfinsa lanƙwasa yake a hankali, mai gida ya gani ya kwashe iyalinsa. Fiba ba ya sallama. Farat ɗaya yake karyewa, kamar busasshen karan dawa. Wannan ne ya sa injiniya ya ƙara yawan rodin, ya ƙara kaurin kankaren. Kada wata rana ka cire mai 12 na ƙarfe, wato mai kaurin milimita 12, ka maye da mai 12 na fiba ka ce ai duk rodi ne. Wallahi ba ɗaya ba ne.

Ita kuma toka, ba baƙar nan da ake jibgewa bayan injin casa ba. Sai wadda aka ƙona da ƙa'ida har ta yi fari, aka niƙe ta lukui. A kan sa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a madadin siminti. Tana toshe ƙananan ramukan da ke cikin kankare, tana kuma rage kaifin siminti, wanda shi ne abokin gabar zaren gilashi. Sai dai ƙarfinta a hankali yake zuwa. Ban ruwa safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, kada kafinta ya cire katakon da ya tallafe kankaren sai injiniya ya ba da izini. Gwajin ƙarfin kankaren ma sai kwana 28.

Na ga ka nufi teburin lanƙwasa da guda ɗaya. Kul! Ba a lanƙwasa shi a wurin aiki, zaren ne zai tsintsinke a ciki ido bai gani ba. Ringinsa, wato zoben da ke kewaye dogayen roduna, daga kamfani yake zuwa a lanƙwashe. Yanka da giranda, ka sa safar hannu da takunkumi, don ƙaiƙayinsa ya fi na gero. Ka ɗaure shi tam, in ba haka ba yana iya tasowa lokacin zubi.

Lintarka kuwa, ban yarda ba. Ɗakinka a tudu yake, tsatsa ba ta dame shi ba, ga murhu a gindin bango, gam ɗin nan kuma wuta na sassauta shi. Ranar kasuwa ka sayo mai 12 na ƙarfe, ni zan zo mu ɗaure.